Tukwane Goma Sha Ɗaya a Bayan Labule

Duk wanda ya taɓa kai firijinsa gyara a layin nan ya san ƙarar. Mai gyara zai juya firijin ya fuskanci bango, ya ɗauko filaya, ya datse siririn bututun da ke baya, sai ka ji fuuu, kamar taya ta taka ƙusa. Kafin ka gyara tsayuwa tsohon gas ya bi iska, an shiga aiki. Shaguna goma sha biyu ne a jere, kuma a goma sha ɗaya haka ake yi tun safe har yamma. A shagon ƙarshe ne kawai, na bakin kwata, aka yi shekara ashirin da biyu ba a ji wannan ƙara ba. Mai shagon shi ake kira Ma'aji.

Kada ka ji sunan ka ɗauka girmamawa ce. Tsokana ce tsagwaronta, ta bi shi har jikokinsa ba su san yana da wani suna ba. Abin da yake ajiya kuwa gas ne, gurɓataccen gas da yake zuƙowa daga firiji da na'urar sanyaya ɗaki waɗanda kwamfuresonsu, wato injin da ke tura gas ɗin, ya ƙone. Ba ya sayuwa, ba ya komawa cikin wani firijin, ba ya amfanin komai. Tukwane goma sha ɗaya ne cike da shi, kowace ta kai gwiwar babban mutum, a tsaitsaye bayan wani labulen buhu a ƙuryar shagon, ga ta goma sha biyu sabuwa fil a gefe tana jiran nata rabon.

To, ranar ɗaya ga wata mai ginin ya zo da ɗansa, suka gaisa da Ma'aji cikin mutunci, suka ce yaron zai buɗe shagon sayar da waya a wurin, an ba shi wata guda. Bai yi gardama ba. Ya haura sittin da biyar, kuma ciwon baya ya riga mai gini ba shi notis. Kayan aiki ya san wanda zai ba, benci ya san wanda zai ɗauka. Tukwanen ne bai san inda zai kai su ba.

Shi da mai shago na uku a hannun maigida ɗaya suka koyi aiki, shekara shida suna wanke hannu a bokiti ɗaya. Wancan dogo ne mai baki, hannunsa kamar wuta, ka kawo masa firiji ka tsaya a nan ka tafi da abinka, shi ya sa ake ce masa Nan-take. Ma'aji kuwa tun yana saurayi mutum ne mai nawa. Sai ya ɗaure noti, ya kwance, ya sake ɗaurewa don ya tabbata. Maigidansu yakan ce da za a haɗa su biyun a dama, da an sami makanike guda na kirki.

Suna cikin shekarunsu na arba'in wasu ma'aikata suka zo da farar mota, suka kwashi masu gyaran layin gaba ɗaya zuwa wani ɗakin taro mai fanka guda, aka yi kwana uku ana koyar da su. Wata mata mai tabarau ta zana duniya a allo, ta zana wani siririn lulluɓi can samanta. Ta ce shi ke tare mugun hasken rana, wanda ke ƙona fata ya lalata ido, kuma gas ɗin nan da suke saki yana hawa can yana cinye shi. Ta ce ƙasashen duniya, har da waɗanda ba sa ga-maciji da juna, sun sa hannu za a daina yin irin wannan gas. Saura wanda ya riga ya shiga firijin mutane, kuma shi, in ji ta, ba shugaban ƙasa ne zai tare shi ba, mai riƙe da filaya ne.

A shekarar nan ne yanar ido ta rufe wa mahaifiyar Ma'aji gani. Da aka tashi shan ruwa ya bi matar, ya tambaye ta ko abin nan ne ya jawo. Ta ce gaskiya ba za ta iya cewa haka a kan mutum ɗaya ba, tsufa ma yana kawo shi. Ya ce to, ya gode. Amma maganar ta riga ta zauna masa, kuma shi abu in ya zauna masa, sai dai haƙuri.

Ranar ƙarshe aka ba kowa takardar shaida, aka ba layin injin zuƙe gas guda ɗaya da tukwane biyu, a riƙa karɓa-karɓa. Gas mai kyau a mayar da shi cikin firijin bayan gyara. Gurɓatacce kuma a tara, duk wata shida mota za ta zo ta kwasa ta kai inda ake ƙone shi. Aka ajiye injin a shagon Ma'aji don shi ne ba ya ɓatar da kaya.

Watan farko har layi ake yi a kan injin. Sai dai injin nan minti ashirin da biyar yake ci kafin ya zuƙe firiji guda, filaya kuwa ƙiftawar ido. Wata rana wani mai sayar da ƙanƙara ya tsaya a kan Nan-take yana kumfar baki, kayansa na narkewa, injin kuma yana hannun wani. Nan-take ya ce yau kaɗai, ya datse. Mai shago na huɗu ya gani, ya ga kuma washegari mai ƙanƙarar ya turo abokansa biyu wurin Nan-take. Shi ma ya ce yau kaɗai. Kafin wata uku injin ya koma shagon Ma'aji ya zauna, ba mai zuwa aro. Motar kwasa kuwa, har yau tana hanya.

Da farko a bakin ƙofa Ma'aji yake aikinsa, injin na gurnani kowa na ji. Nan-take yakan leƙo daga shagonsa ya ɗaga murya: "Ma'aji! Yau kilo nawa aka tara wa duniya?" Layi ya ɗauki dariya. Ya shanye wannan kusan shekara guda. Ranar da abin ya kai shi bango, wani mutum ne ya gaji da jira, ana tsakiyar zuƙa ya sa aka cire tiyo, aka ɗora firijinsa a kura aka gangara da shi shago na uku, mutane na tafi. Da yammar ranar Ma'aji ya farke buhuna biyu, ya ɗinke su, ya rataya labule, ya shigar da injin ciki, har kwali ya kifa masa don kada a ji ƙararsa. Daga nan duk wanda ya kawo firiji sai ya ce masa ya dawo gobe. Masu gaggawa suka gudu, masu haƙuri suka zauna, kuma da su ya ciyar da gida ya yi wa 'ya'ya huɗu makaranta.

Da sabon gas ya shigo, aka ce wannan ba ya cin lulluɓin sama amma yana ƙara wa duniya zafi, Ma'aji ya ce to, ya sayi jan fenti ya ware masa tukwanensa daban. Duk Asabar ɗin farkon wata sai ya rufe rabin ƙofa, ya kaɗa ruwan sabulu, ya shafa a kan kowace tukunya ya ga ko za ta yi kumfa, don kumfa ita ke nuna yoyo. Sannan ya ɗora ta a sikeli, ya rubuta nauyinta da alli a jikinta. Haka yake yi har shekara shida da suka wuce, lokacin da bayansa ya riƙe. Daga nan na gaba kawai yake iya jawowa. Na can ƙurya sai ya ɗaura soso a sanda ya miƙa ya shafa musu sabulu a ka, in bai ga kumfa ba ya ce alhamdu lillahi, ya bar tsohon rubutun allin yadda yake.

Da notis ya zo, wurin farko da ya nufa ofishin mutanen farar mota ne, da takardar shaidarsa a leda. Ginin yana nan, amma allon ƙofa ya canja. Mai gadi ya juya takardar gaba da baya.

"Baba, wane shiri ne wannan? Ni shekarata tara a ƙofar nan ban taɓa jin sa ba."

Aka tura shi hawa na biyu, na biyu suka tura shi na huɗu. A can wani ma'aikaci mai kirki ya ba shi kujera, ya saurare shi har ƙarshe, ya ce wallahi abin da ya yi daidai ne, kuma ana maganar za a farfaɗo da kwasar. Yaushe? Ana dai magana. Ya rubuta lambar wayarsa a bayan wata takarda. Ma'aji ya sauko matakala yana dafa bango.

Sai gida. Hawa na uku suke, ɗaki biyu da falo, ba tsakar gida ba rumfa. Ya jira uwargida ta gama shanya a baranda sannan ya fara kewaye-kewaye, wai barandar nan tana da faɗi. Ta ajiye bokiti.

"Malam, shekara arba'in ban taɓa hana ka shigo da tarkace ba. Fanka marar kai, rediyo marar murya, duk na haƙura. Amma tukunyar gas goma sha ɗaya a inda jikokina ke rarrafe, rana na dukansu tun safe? Sai dai in fita su shigo."

"Ai ba irin na girki ba ne, ba ya kama wuta haka nan."

"Ko na turare ne. Ban yarda ba."

Ya san ta fi shi gaskiya. Shi da kansa ba zai bar wani ya ajiye su a rana ba.

Ana saura kwana goma sai ga mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya ji labarin ana tashi. Ya ɗaga labule, ya ƙwanƙwasa tukunya ɗaya da ɗan makulli, idonsa ya yi haske.

"Baba, ni ƙarfen nake so. Abin da ke ciki kada ya dame ka. In na kai fili zan buɗe su su huce, in yanka. Ba kai ka buɗe ba, ba a gabanka aka buɗe ba."

Ma'aji bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce ya leƙo ranar ƙarshen wata. Da mutumin ya tafi ya shiga bayan labule ya dafa kan tukunya ɗaya ya tsaya. Murɗawa ɗaya ce, gas ya bi iska. Ba doka a layin nan da za ta kama shi, ba wanda zai ko ɗaga kai, don ƙarar da suke ji ce kullum. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya san abin da mutane goma sha ɗaya suka saki a shekarun nan ya ninka nasa sau goma, kuma sama ba ta faɗo ba. Ya ji kansa wawa, wawan da ya tsufa yana gadin abin da ba wanda ya ba shi gadi. Ya ɗauke hannunsa dai, ya fito ya ci gaba da naɗe wayoyi.

Ranar Asabar babbar 'yarsa ta zo taya shi haɗa kaya. Kimiyya take koyarwa a makarantar sakandare, shi ya sa tun ranar da ta fara aiki yake ce mata Malama. Tana neman tsintsiya ta ɗaga labulen, ta yi turus.

"Baba! Har yanzu? Wallahi na ɗauka ka daina tun muna yara."

Ya ba ta labarin ofis da na mai ƙarafa. Ta zauna a kan wani kifaffen bokiti tana kallon rubutun allin.

"Ka san lulluɓin nan yana warkewa? Masu awo sun ce a hankali yana komawa yadda yake."

"Da nawa a ciki?"

"Da naka a ciki mana."

Ya yi tsaki, amma ya ji daɗi, har ya juya baya don kada ta gani.

Sai ta ce akwai wasan da take yi wa ɗalibanta duk shekara. Takan ba kowa murfin kwalba goma, ta ajiye gwangwani a tsakiya. Duk abin da aka zuba a gwangwanin za ta ninka shi biyu ta raba wa kowa daidai, da wanda ya zuba da wanda ya noƙe. In kowa ya zuba, kowa ya ƙaru. In ka riƙe naka wasu suka zuba, kai ka fi kowa. Ta ce in ta rufe gwangwanin da ƙyalle, kowa ya sa hannu a ɓoye, zagayen farko ana zubawa sosai, kafin na biyar sai ka girgiza gwangwani ka ji shiru. Ba don yaran mugaye ba ne, kowa tsoro yake kada ya zama shi kaɗai ne wawa. In ta cire ƙyallen kuwa, suna ganin hannun juna, sai abin ya daɗe yana tafiya, har su riƙa yi wa mai noƙewa ca.

"Har dabbobi haka ne, Baba. Akwai wasu jemagu a wata nahiya, in ɗaya ya kwana da yunwa ɗan'uwansa yakan ba shi daga abin da ya samo. Kuma suna gane wanda ya taɓa ba su."

"To jemage ya fi mutanen layin nan hankali."

"Ba hankali ba ne, wuri ɗaya suke rataye suna ganin juna. Kai shekara ashirin kana zubawa a gwangwani, amma ka rufe shi da buhu."

Ransa ya ɓaci nan da nan.

"Wato ni ne mai laifi ke nan."

"Ban ce ba. Wa ka tambaya a layin nan ko zai riƙe maka ko guda ɗaya?"

Ya juya ya kama tattara kayan aiki.

"Baba, wa ka tambaya?"

"Dariya za su yi."

"Ai sun riga sun yi, kuma ga ka nan."

Ya ce ta ɗauki tsintsiyarta ta yi abin da ya kawo ta, ba lacca ya kira ta ba. Kwana uku yana fushi da ita, in ta kira waya sai ya miƙa wa uwarta.

Ranar ƙarshen wata ya riga kowa buɗe shago. Ya kama labulen ya fizge shi, ƙurar shekara da shekaru ta zubo masa a ka. Ya ari kurar dako, ya riƙa gangaro da tukwanen ɗaya bayan ɗaya, yana hutawa tsakani, yana jera su a inuwar bakin titi. Kafin ya fito da ta shida masu shaguna sun fara taruwa. Wani ya ce Ma'aji zai buɗe gidan mai. Wani ya ce a'a, gadon 'ya'ya ake rabawa. Bai kula su ba, ya koma ciki har ya jera goma.

Saura ta can ƙurya, ta farko, ɗaya daga cikin biyun da mutanen farar mota suka bayar. Shekara huɗu ya yi yana cika ta, kuma tsohon gas ne zalla a ciki, ainihin mai cin lulluɓin. Ya gyara tsayuwa saboda bayansa, ya yi bisimilla, ya kama ta da hannu biyu ya ja da ƙarfi. Sai ta taso masa sakayau, har ya yi baya ya bugi bango.

Tun a nan ya sani. Duk da haka ya fito da ita, ya ɗora a sikeli a gaban mutane. Allin jikinta ya ce kilo ashirin da ɗaya, sikeli ya ce tara, nauyin ƙarfen kawai. Ya kifa ta. Gindin ya ci tsatsa, don bangon nan shi ne na jikin kwata, damshi yana ratso siminti, kuma ga wata 'yar huda da ko tsinke ba zai shiga ba. Shekara shida yana shafa mata sabulu a ka, ita kuwa ta ƙasa take tafiya. Ko yaushe ta ƙare, Allah kaɗai ya sani.

Ya zauna a dokin ƙofa da tukunyar a tsakanin ƙafafunsa. Baƙin ciki ya kama shi irin wanda bai ji ba tun rasuwar mahaifiyarsa, kuma bai ɓoye ba, hawaye suka zubo masa a gaban layi gaba ɗaya. Masu dariya bakinsu ya mutu.

A haka Nan-take ya iso, yana goge hannu da tsumma, da tsokanarsa a baki tun daga nesa.

"Ma'aji, yau banki ya..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi tukwanen goma, ya dubi mutumin da ke zaune. Ya sa yatsa biyu ya ɗaga ta goma sha ɗayan, kuma mai gyaran firiji ba sai an gaya masa ba. Ya juya ta, ya kankare tsatsar da farce.

"A kan siminti ka ajiye ta? Ba katako, ba komai? A jikin kwata?" Muryarsa ta hau. "Kai ne mai ɗaure noti sau uku! Ko ɗan koyo ya san ba a ajiye tukunya a damshi. Me ya hana ka kira mutum ya jawo maka ita?"

"Wa zan kira?"

Nan-take ya ajiye tukunyar. Can ya ce, a hankali, "Na ɗauka ka daina tun shekarar da ka rataya buhun nan. Wallahi kowa haka ya ɗauka. Mun ce kai ma ka gaji, kunya ce ta hana ka faɗa."

Bai jira amsa ba, ya bi sauran yana kwantar da su ɗaya-ɗaya yana duba gindi. Bakwai lafiya lau. Biyu sun fara, amma in aka kankare aka yi fenti za su yi. Ɗaya kuwa tsatsar tana ɓarewa a hannu.

"Wannan ba za ta kai watan gobe ba. Ina injin? Yana aiki?"

"Yana aiki."

"Akwai wadda ba a taɓa ba?"

"Akwai guda."

Nan-take da kansa ya shiga ya kinkimo injin, ya cire masa kwalin ya yar, ya ajiye shi a tsakiyar bakin titi. Sai dai bai san ta inda ake haɗa tiyo ba, ya manta tun tuni, dole Ma'aji ya share fuska ya taso ya nuna masa: wannan a nan, wancan a can, kada ka buɗe sai allurar ma'auni ta sauka. Injin ya kama gurnani yana juye gas daga mai tsatsar zuwa sabuwar, karo na farko a waje cikin shekara ashirin da ɗaya.

"Minti nawa ka ce yake ci?"

"Firiji ne ashirin da biyar. Wannan sai bayan azahar."

"Kai!" Nan-take ya waiga shagonsa, inda wani mutum ke tsaye kusa da firiji yana duba agogo. Ya ɗaga murya: "Ranka ya daɗe, a dawo gobe!" Ya jawo bokiti ya kifa ya zauna.

Mai shago na bakwai, wanda shekararsa biyar kawai a layin, ya matso ya tambaya wai me ake tarawa haka, don shi ba wanda ya taɓa gaya masa gas ɗin yana da wata illa. Nan-take ne ya yi masa bayani, ya zana duniya a ƙasa da sukurdireba, ya kwaɓa rabin maganar, Ma'aji na gyara masa. Mai gyaran manyan firizan masu kifi ya ce in a kan katako ne, yana da wuri ƙarƙashin benci, a ba shi uku. Na bakwai ya ce zai iya biyu. Mai shago na biyar ya ce shi ba shi da wurin ajiye wahalar wani, ya koma ciki, kuma ba a jima ba aka ji fuuu daga shagonsa. Wannan karon dai mutum shida suka juya suka kalli ƙofarsa, ba wanda ya yi dariya.

Da rana tsaka mai sayen ƙarafa ya zo da kurarsa. Ya tafi da ƙofofin firiji biyu da tarkacen ƙarafa. Ya nuna fankon tukunyar ya ce ko wannan a ba shi, ai ba komai a ciki. Ma'aji ya ce ba ta sayarwa ba ce.

Kafin la'asar goman nan sun sami masauki: biyar a wurin Nan-take, uku a wurin mai firiza, biyu a shago na bakwai, kowace a kan katako. Ma'aji ya miƙa wa Nan-take sikeli da ragowar alli, ya ce Asabar ɗin farkon wata, kuma a ɗaga kowace, a duba gindi.

"Injin kuma a bakin ƙofa za ka ajiye shi. Ban da labule."

"A bakin ƙofa, don in na ɗauki filaya ku yi mini ca. Na ji." Nan-take ya saɓa injin a kafaɗa. "Amma ka sani ban yi maka alkawarin zama kai ba."

Motar kwasa ba ta zo ranar ba, kuma ba wanda ya san ko za ta zo. Ma'aji ya share shagon, ya miƙa wa ɗan mai gini makulli, ya ɗauki fankon tukunyar ya nufi gida.

Uwargida ta hango shi daga baranda yana shigowa da tukunya a hannu. Kafin ya gama hawa matakala ta riga ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Malam, me muka yi da kai?"

Ya miƙa mata. Ta sa hannu biyu ta tare, tana jiran nauyi, sai tukunyar ta tafi sama a hannunta. Ta dubi allin da ke jiki, rubutunsa ne, ta dubi idanunsa da suka yi ja.

"Ta farkon ce?"

"Ita ce."

Ta matsa gefe ta ba shi hanya. Ita ta shigar da ita ciki da kanta, ta ɗauko katakon da take yanka albasa a kai, ta shimfiɗa a bayan ƙofa, ta ɗora ta.